Taragon da ke sauya jirgi, fasinja na zaune a ɗakinsa

Sana'armu ƙera ƙananan taragan jirgin ƙasa ce, na ajiya a falo da na nuni a makarantu. Kowane tarago muna rage girmansa sau 87, ya fito kusan santimita 30. A wurin kawuna na koyi riƙe dalma. Fitilar aci-balbal da mazurari yake yi da gwangwani, kuma sai da na shekara biyu ina yanka ina goge baki kafin ya bar ni na haɗa ko da murfi.

Aikin da muka fi alfahari da shi shi ne taragan kwana na Amurka, saboda kowanne da labarinsa. A can, a da, kamfanonin jirgin ƙasa sun yi yawa, kowa da layinsa. Mai zuwa Los Angeles daga New York yakan sauka a birnin Shikago ya sauya jirgi, sau da yawa sai ya kwashi kaya ya ratsa gari zuwa wata tasha. A 1946 Robert Young na kamfanin Chesapeake and Ohio ya buga talla yana cewa alade na ƙetare ƙasar ba tare da sauya jirgi ba, amma ɗan Adam bai samu wannan gatan ba. A shekarar aka fara miƙa tarago hannu da hannu. Taragon ya iso tashar LaSalle ta Shikago a jikin jirgin 20th Century Limited mai tasowa daga New York, a kwance shi, ƙaramin kan jirgi ya ja shi zuwa tashar Dearborn, a ɗaura shi a jirgin Chief na kamfanin Santa Fe mai zuwa Los Angeles. Gadonka na nan, jakarka na nan, ma'aikacin Pullman, kamfanin taragan kwana, na kula da kai.

To, nan gwaninta take. Kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania, a zamaninsa, jan fenti mai duhu ne alamarsa, amma taragonsa Silver Rapids farin ƙarfe ne mai ƙyalli, don ya saje da jirgin California Zephyr da ke ɗaukarsa a lokacin daga Shikago zuwa yamma. Ƙananan ɗakuna 10, manya 6, tagogin kowane ɓangare da tazararsu. Ƙwaryar jikinsa kuwa layi-layi ce, da hannu nake matsa kowane layi a kan faranti, in ɗaya ya karkace na jefar na sake.

Sai ka ga masu kwaikwayo sun zubo na roba, sun shafa masa ja tunda sun ji sunan Pennsylvania, tagogi a jere kamar na bas. Mai saye ya zo yana cewa, "Malam, ai can rabin kuɗin ne." Nakan miƙa masa madubin ƙara girma, ya duba ƙananan haruffan PRR, taƙaitaccen sunan kamfanin Pennsylvania, da ke gefen ƙofa. Da gashin wutsiyar akuya uku nake rubuta su, bayan sallar asuba, kafin hannu ya fara rawa.