TARIHIN RAYUWATA, kashi na 17: Fim ɗin baban Oma

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wancan satin mun tsaya inda na samu ɗakin haya a Amsterdam gidan wata tsohuwa Bayahudiya, wadda nake kira Oma kamar yadda jikokinta ke kiranta.

Toh ranar wata Lahadi ana ta ruwa ta ce yarinya zo ki ga danginmu. Ni na ɗauka albam za ta ɗauko, sai naga ta sa faifan DVD, ashe tsofaffin finafinan babanta ne na kyamarar 8mm ɗanta ya kai aka juye. Ba sauti, ba kala, kowanne bai fi minti huɗu ba. Ga bikin ƙanwar mamanta a 1938 an tsaya ƙarƙashin rumfar aure ango ya taka kofin gilashi, ga kakarta tana murɗa burodin Asabar tana korar mai kyamara da hannu, ga yara a bakin teku a Zandvoort suna ta binne ƙafar wani kawu cikin yashi, ga ita kanta Oma ana mata wanka a baho tana tsala kuka. Wlh na ringa dariya kamar na sansu, irin hayaniyar gidanmu ce sak ranar suna.

Ita kuwa tana nuni da yatsa. Wannan Auschwitz. Wannan Sobibor. Wannan da 'ya'yanta uku Sobibor. Wato sansanonin da 'yan Nazi na Jamus suka kashe su lokacin yaƙin duniya na biyu.

Jamus ta shigo Holan a Mayun 1940 amma baban bai ajiye kyamara ba, abin da ya canza shine wurin ɗauka. Daga 1941 an hana Yahudawa bakin teku da wurin ninƙaya, sai fim ɗin ya koma falo da tsakar gida kawai, a na ƙarshe kuma na 1942 ana cin kek ɗin zagayowar haihuwa kowa da tauraron da aka tilasta ma Yahudawa sawa ɗinke a ƙirji kuma suna murmushi, murmushin nan shi yafi komai tsaya min a rai. Yahudawa kusan 140,000 ne a ƙasar lokacin, an kwashe wajen 107,000 yawancinsu ta sansanin Westerbork, waɗanda suka dawo basu wuce 5,000 da 'yan kai ba.

Ita yadda ta tsira, da aka tara su a Hollandsche Schouwburg, wani gidan wasan kwaikwayo a Amsterdam da ake tsare Yahudawa kafin a kwashe su, an raba yara da iyaye an kai su gidan raino dake tsallaken titi, daga nan ne wasu ma'aikata da ɗalibai suka ringa fitar da yara a ɓoye, ita aka kaita wajen wasu manoma a Friesland, can arewacin ƙasar. Finafinan kuma maƙwabciya aka barwa a cikin gwangwanin biskit.

Na ce Oma wai ina baban naki a ciki? Ta ce ai shi ke riƙe da kyamarar, ko sau ɗaya bai fito ba. Bata tuna fuskarsa, amma ta ce ta san wa yake so, don duk inda mamanta ta juya kyamarar na binta, har ya kan yanke kan baƙi.

Daren nan na kira gida na ce ma ƙanina duk bidiyon da yake ɗaukar Baba a waya kar ya kuskura ya goge, shima ya ringa shiga ciki. Sati mai zuwa in sha Allah zan baku labarin zuwanmu Westerbork da Oma, da rigimar da ta ɓarke tsakaninta da ɗanta kan tafiyar.