Yadda muka cike wa ƙanina takardun neman tallafin karatu a Amurka

Duk wanda ya taɓa leƙa shafin wata babbar jami'ar Amurka yasan abinda yake fara karya gwiwa, kuɗin da suke rubutawa ne, kaga dala dubu 80 da ɗoriya a shekara ɗaya, ka buga a naira kaga ya haura miliyan ɗari, sai kawai ka rufe shafin kace wannan ai sai 'ya'yan gwamna. Toh wannan adadin ba kuɗin aji bane kaɗai, sun haɗa ɗakin kwana da abinci da littattafai da inshorar lafiya da tikitin jirgi, har ɗan kuɗin sabulu da aski suna ƙiyastawa su saka. Kuma ba kowa ke biyansa duka ba. Lissafin nasu shine su ɗauki wannan jimillar, su cire abinda suka ga gidanku zai iya bayarwa, abinda ya rage shi suke kira buƙatar ɗalibi, kuma akansa ake bada tallafi.

Rigimar duk tana wajen "abinda gidanku zai iya bayarwa", dan ba kai zaka yanke ba, su zasu yanke daga bayanan da ka basu. 'Yan ƙasar suna cike fom ɗin neman tallafi na gwamnatinsu mai suna FAFSA, mu na waje bamu da hurumi a ciki, namu shine wani fom mai suna CSS Profile na wata hukuma da ake kira College Board, dala 25 makaranta ta farko sannan 16 duk wadda ka ƙara, kuma a lokacin katin bankinmu na naira baya biyan dala sai da muka nemi mai katin dala ya taimaka.

Wlh fom ɗin nan ba dan irin gidajenmu aka tsara shi ba. Yana tambayar albashi da takardar haraji, Baba kuwa ɗan kasuwa ne, yadi yake sayarwa a Kantin Kwari, lissafinsa yana cikin wani dogon littafi mai baƙin bango da kuma kansa. Bayan isha'i nake zama dashi ina tambaya yana amsawa da ƙyar, dan kunsan dattawanmu basa son faɗin abinda suka mallaka ko ga ɗan cikinsu. Nace Baba gonar ƙauye in za'a sayar nawa zatayi? Ya ɗago ya kalleni yace wa yace maka zan sayar, gonar gado ce ai da 'yan uwana a ciki. Wannan amsar tasa ita na rubuta musu, cewa gonar ta mutum da yawa ce ba'a raba ba, ba kadara bace da zai iya mayarwa kuɗi. Akwai wani gurbi a ƙarshen fom ɗin na ƙarin bayani, mutane suna tsallake shi, dan Allah kar ku tsallake. Anan na faɗa musu mata biyu ne a gidan, ga kakarmu, ga marayun ƙanin Baba da suke hannunsa yana biya musu makaranta, dan in baka faɗa ba zasu ɗauka kuɗin nan mutum huɗu ko biyar ne suke ci. Anan kuma nayi bayanin naira, tunda kuɗin shigar da suke tambaya na baya ne, kuma dalar da take wajen 460 a farkon 2023 ta kai wajen 1,500 a 2024, mutum yana nan da shagonsa amma ƙarfinsa a dala ya zube.

Sai maganar zaɓen makaranta. Kaɗan ne basa duba aljihun ɗalibin waje kafin su ɗauke shi, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth da Bowdoin, in sun ɗauke ka kuma zasu cike buƙatar gaba ɗaya. Harvard ma a 2025 ta sanar cewa iyalin da basa samun sama da dala dubu 100 a shekara karatun ɗansu kyauta ne. Amma shiga waɗannan ɗin sai mai rabo. Sauran mafi yawa suna kallon nawa kake nema, in buƙatarka tayi yawa hakan zai iya sa su ƙi ɗaukarka, shiyasa wasu suke ƙara adadin da sukace zasu iya biya dan a ɗauke su. Ni ban yarda da wannan ba sam, dan ranar da za'a baka I-20, wato takardar da makaranta ke bayarwa ka nemi bizar ɗalibi da ita, sai ka nuna takardar banki ta kuɗin shekarar farko, kuma abinda ka faɗa dashi zasu riƙe ka har shekara huɗu.

Da amsoshi suka fara zuwa sai da muka zauna muka tsefe kowace wasiƙa layi layi. Wata makaranta ta rubuto adadi mai ɗaukar ido amma da muka duba akwai giɓi babba da suka bari mu cike da kanmu, ga kuma wani kaso da suka lissafa a matsayin aikin da yaron zaiyi a cikin makaranta, wanda bizar ɗalibi bata yarda ya wuce awa 20 a sati ba lokacin karatu. Kyauta daban, bashi daban, kuɗin aiki daban, duk suna jera su a ƙarƙashin tallafi. Wadda ƙanina ya zaɓa daga ƙarshe mun rubuta mata cikin ladabi muka haɗa da rasit ɗin asibitin kakarmu, suka sake dubawa suka ƙara masa. Kuɗin SEVIS (rijistar ɗaliban waje a wajen gwamnatin Amurka) dala 350 da na biza 185 kam daga aljihunmu suka fito.

Kuma ku nemi tallafin tun ranar da kuke neman gurbin, makarantu da yawa basa bari ɗalibin waje ya dawo a shekara ta biyu yace yanzu yana so. A makarantar ƙanina duk shekara sai an sabunta bayanan, yanzu haka ina jiran Baba ya dawo kasuwa mu hau na bana.