Maɓallin Kaka ya isa Dresden, na gode wa duk hannun da ya ɗauke shi

Alhamdulillahi. Daren jiya saƙo ya shigo wayata daga shafin geocaching. Ina buɗewa sai ga hoton hannun wani bawan Allah da ban taɓa gani ba, riƙe da ɗan ƙarfenmu da tsohon maɓallin da ke rataye a jikinsa, ƙubbar cocin Frauenkirche ta birnin Dresden kuma tsaye a bayansa. Na daɗe ina kallo kafin na tashi maigida ya gani. Kusan shekara biyu ke nan da muka sake shi daga nan Coventry ta Ingila, har na fara fitar da rai.

'Yan'uwa na gida sun sha tambayata wane irin wasa ne wannan. A Amurka ya faro a watan Mayun 2000, bayan gwamnatin ƙasar ta daina rage wa farar hula ingancin GPS. Mutum zai ɓoye ɗan akwati a gindin bishiya ko ramin katanga, ya sa lambobin wurin a intanet, wasu su bi da waya su nemo, su sa hannu a ɗan littafin da ke ciki, su mayar yadda suka tarar. A cikin irin waɗannan akwatuna ake samun Travel Bug, ƙwaro matafiyi ke nan, ɗan ƙarfe irin wanda soja ke ratayawa a wuya, da lambarsa ta musamman. Mai shi yakan rubuta inda yake son ya je. Wanda ya tsince shi ba nasa ba ne, amana ce, sai ya matsar da shi zuwa wani akwatin ya kuma rubuta a shafi.

Maɓallin na maƙwabciyata ne, wata tsohuwar Baturiya da yarana ke kira Kaka. Tun zuwanmu unguwar take kula da mu, ita ta nuna mini asibiti da kasuwa. Tana 'yar ƙarama a daren 14 ga Nuwamba 1940, dare mai farin wata, lokacin da jiragen Jamus wajen 500 suka yi wa garin nan ruwan bama-bamai tun bayan magariba har asuba. Mutum 568 aka ƙidaya sun mutu, gidaje fiye da 4,000 suka rushe, babban cocin St Michael ya ƙone sai bango da hasumiya. Ita da mahaifiyarta a ramin fakewa na bayan gida suka kwana. Mahaifinta yana cikin 'yan sa-kai masu zagaya unguwa lokacin hari, a waje ya kwana yana tono maƙwabta daga ƙarƙashin gini. Ya dawo da ransa, amma wasu da ya tono suna kwance a kabarin bai-ɗaya na maƙabartar London Road. Daga rigarsa ta aiki aka cire maɓallin, harufan ARP, alamar 'yan sa-kan nan, na nan a kansa.

Mu a gida yaƙin Hitila muke ce masa, abin da muka fi ji kuma shi ne labarin kakanninmu da aka kai Bama. Sai da na zauna da Kaka na san yadda yaƙin ya kasance ga yarinyar da ke cikin rami tana toshe kunne.

Ita ta zaɓi Dresden. Daga 13 zuwa 15 ga Fabrairun 1945 jiragen Birtaniya da Amurka suka ƙone tsakiyar wannan birni, kwamitin masana tarihi ya ce waɗanda suka mutu za su kai 25,000. Kaka ta ce a can ma akwai yara da suka kwana a ƙarƙashin ƙasa kamar ta, kuma ƙafarta ba za ta iya kai ta ba yanzu, to maɓallin babanta ya je a madadinta. Garuruwan biyu dai sun ƙulla ƙawance tun 1959. Ni musulma ce, amma nakan shiga kangon cocin St Michael in tsaya gaban kalmomi biyun Turanci da limaminsa na lokacin Richard Howard ya sa aka rubuta a bango, "Ya Uba, gafarta". Bai ce a gafarta musu ba, da gangan ya bar ta haka don ta haɗa kowa.

Godiyata ta farko ga matashin da ya fara ɗaukarsa kwana uku da ajiyewa, ya karanta takardar da muka liƙa har ƙarshe, ya rubuto yana gaida Kaka. Sai direban babbar mota da ya tsallaka da shi teku zuwa Holan. Allah ya tsare masa hanya.

Baiwar Allah ta Rotterdam, ke kam ban san da wane baki zan gode miki ba. Babu wanda ya roƙe ki, kika ɗauke shi kika kai gaban mutum-mutumin nan da masassaƙi Zadkine ya yi, mai ɗaga hannuwa sama da rami a ƙirji, wanda aka kafa don tunawa da harin 14 ga Mayun 1940 da ya share tsakiyar garinku. Kika ɗauki hoto, kika rubuta cewa kakarki ma ta gudu daga wutar ranar. Da na karanta wa Kaka, sai da ta sa na maimaita. Wata shida ne cif tsakanin ranarku da daren Coventry, ita ta lura da haka.

Daga nan ne ya ɓace. Aka ce an ajiye shi a wani akwati kusa da Hamburg, waɗanda suka je bayan haka suka ce babu shi. Wata ya bi wata shiru. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, don ni na ba Kaka shawarar a saki maɓallin na ainihi, abu ɗaya tilo da ya rage mata daga rigar. Duk ranar da ta tambaya sai in ce yana hanya, in dawo gida in yi ta addu'a. Ashe wani yaro ne ya ɗauka ya jefa a jakar makaranta. Mahaifinsa ya gano shi, bai san wasan ba sam, amma ya bi adireshin da ke jikin ƙarfen, ya buɗe asusu, ya rubuto da ban haƙuri, ya kuma tuƙa mota ya mayar da shi. Yallaɓai, babu laifin da za a yafe. Allah ya raya maka yaron nan, ya yi masa albarka.

Sai kai da ka kammala tafiyar. A hotonka ana ganin baƙaƙen duwatsu jefi-jefi a cikin fararen, tsofaffin da aka tsamo daga tarkace aka mayar lokacin sake gina cocin, wanda aka buɗe ranar 30 ga Oktoban 2005. Na gode da ka tsaya ta inda gicciyen zinaren saman ƙubbar zai fito. Kaka ta san labarinsa sarai: kyauta ce daga mutanen Birtaniya, kuma maƙerin da ya yi aikinsa, Alan Smith, ɗan wani matuƙi ne da ke cikin jiragen da suka kai harin.

Na gode wa maigidana da yarana da suka sha sanyi muna neman akwatin da ya dace, da 'yar Kaka da ta amince. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.

Masu neman in turo lambar ƙarfen, ku yi haƙuri, ba a bayar da ita a fili, ita ce shaidar cewa mutum ya riƙe shi da hannunsa. Da safen nan na kai wa Kaka hoton, na buga mata shi babba saboda idonta. Na tambaye ta ko a nemi a dawo da maɓallin gida. Ta ce a'a, a bar shi ya wuce Warsaw. Na riga na sauya burin tafiyar a shafinsa, don haka duk wanda ke kusa da Dresden kuma yana da hanya zuwa Polan, don Allah ya duba.