Kwana 12 a Laramie, garin kaboyi

Jiya da asuba ruwan sama ya tashe ni, na daɗe a kwance ina shaƙar ƙamshin ƙasa kafin in tuna cewa na dawo Kano. Kwana 12 na yi a Laramie, wani ƙaramin gari a jihar Wyoming da ke yammacin Amurka, inda ɗan yayata yake karatun digiri na uku a jami'ar jihar. Shi ya matsa mini lallai sai a watan Yuli zan zo. Ya ce, "Kawu, kai da dawaki, in ka zo a wani watan ka yi asarar kuɗin jirgi." Ya san lagona. Gidanmu gidan hawa ne, tun ina ɗan shekara tara nake cikin ayarin hakiminmu ranar hawan Daushe.

Tarbar da na fara samu ba ta yi daɗi ba. Mahaifiyar yaron ta sa an yi masa kilishi na musamman, aka naɗe a takarda har ninki uku. A filin jirgin da na fara sauka na faɗa da bakina cewa ina ɗauke da nama. Dokarsu ta hana shiga da shi, wannan kuma ban ja ba, kowane gida da ƙa'idarsa. Abin da ya sosa mini rai shi ne yadda jami'in ya ɗaga ƙunshin da 'yan yatsu biyu yana yatsina fuska, ya jefa a kwandon shara a gabana, sannan ya maimaita mini tambaya ɗaya sau uku da ƙarfi, kamar yana magana da kurma. Na girme shi nesa ba kusa ba. Na haɗiye, na karɓi fasfona na wuce, amma har muka kama hanya daga Denver raina bai huce ba.

Tafiyar awa biyu da 'yan kai ce a mota. Bayan Fort Collins sai gidaje suka ƙare, fili ya buɗe iya ganin ido, ciyawa gajera, shingen waya, baƙaƙen shanu jefi-jefi. Babu ɗan talla, babu makiyayi da sanda a kafaɗa, babu rugga ko ɗaya. Duk jihar mutanenta ba su kai dubu 600 ba, ita ce mafi ƙarancin jama'a a Amurka, Laramie kuwa dubu 30 ne da 'yan kai. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,200. Jos da muke kira gari mai sanyi ba ta wuce 1,200 da wani abu ba. Kwana biyun farko in na hau bene sai na tsaya na numfasa, leɓena ya tsage kamar a tsakiyar hunturu, ga iska da ba ta hutawa. Wai lokacin zafinsu ke nan. Da rana akwai zafi mai cizo, da dare sai bargo. Magariba kuwa ba ta yi sai wajen takwas da rabi, na sha duba agogo ina zaton ya lalace.

Ranar 4 ga Yuli, ranar 'yancin kan ƙasarsu, gari ya taru a wani lambu da ake kira Washington Park. Kowa ya zo da kujerarsa ta naɗewa da bargon shimfiɗa, ga rumfunan ƙungiyoyi, ga makaɗa, yara na ta guje-guje da fuska an zana musu tuta. Na yi ta waige-waige ina neman rumfar manya, inda za a zaunar da shugaban gari da muƙarrabansa, ban gan ta ba. Babu jiniya, babu jawabin awa guda, babu wanda aka tasa daga kujera don wani ya iso. Wannan ya burge ni ƙwarai.

Washegari ne na yi cinikin da ya fi kowanne a tafiyar. A lokacin zafi al'adarsu ce mai gida ya fito da kayan da ya gama da su ya baje a ƙofar gareji, ya sa kwali a bakin titi. Gwanjo ne dai, amma na gida ɗaya. Wani dattijo mai farin gemu ya baje kayan doki, na hango wani linzami da ragamar fata mai kauri, an sha amfani da ita har ta yi laushi tana sheƙi. Ya ce dala 15. Ɗana ya raɗa mini, "Kawu, a nan kaɗai ake tayi, ka taya." Na ce takwas. Dattijon ya dube ni, ya tambaya ko ina da doki. Na buɗe waya na nuna masa hoton akawal ɗina cikin kayan sallah, da jalala da dan-gaba da komai. Sai da ya sa tabarau, ya kira matarsa daga cikin gida ta zo ta gani. Ya bar mini a takwas ɗin, ya ƙara mini da burushin goge doki kyauta. Linzamin nasu ya fi namu sauƙi a bakin dabba. Namu na gargajiya mai zobe yana da tsanani, na daɗe da sanin haka, sai dai ranar ne na riƙe biyun a zuciyata na auna.

Jirgin ƙasa ne ya haifi garin. A 1868 layin Union Pacific ya iso wurin, cikin 'yan kwanaki tantuna da mashaya suka cika fili. Har yau layin ya ratsa tsakiyar gari, akwai wata tsohuwar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa da ta haye samansa. Na tsaya a kai da yamma ina ƙirga taragun wani jirgin kaya, na wuce ɗari bai ƙare ba, gadar na rawa a ƙarƙashin ƙafata. Sai na tuna tashar Kano, inda jirgi ya iso a 1911 ya tarar da birni mai ganuwa da kasuwar Kurmi da ɗaruruwan shekaru a bayansa. Laramie duk tarihinta bai kai shekara 160 ba. Amma ku zo ku ga yadda suke riƙe da shi.

Akwai wani gida na dutse da wani mai banki, Edward Ivinson, ya gina a 1892, yanzu shi ne gidan tarihin garin. Wadda ta zagaya da mu tsohuwa ce, malamar makaranta da ta yi ritaya, ba a biyanta ko sisi. A ɗaki na gaba sai ta miƙa mu ga wata yarinya 'yar sakandare da ta sa doguwar riga irin ta zamanin, ita ma aikin sa-kai take yi a hutunta. Yarinyar nan ta san kowane cokali a ɗakin girkin, ta san wace iyali ce ta kawo murhun, ta nuna mana yadda ake zuba garwashi a dutsen guga. Dutsen gugan nan irinsa ne sak da wanda mai wanki na unguwarmu yake aiki da shi har gobe. Na gaya mata, ta yi mamaki, ta ce in nuna mata yadda ake fifita shi. Ina nuna mata ina tunanin Gidan Makama, ginin da ya samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Yaranmu nawa ne suka taɓa shiga, in ba makaranta ce ta kai su ba? Badala kuwa a idonmu ake yankarta ana kafa shaguna. Abin ya tsaya mini a maƙoshi har na fita daga gidan.

A wurin tsohuwar nan na ji labarin Louisa Swain. A 1869 yankin Wyoming ya ba mata 'yancin zaɓe, ranar 6 ga Satumba 1870 kuma wannan dattijuwa mai kimanin shekara 70 ta jefa ƙuri'a a Laramie, ta riga sauran matan. A shekarar ce kuma mata suka fara zama masu taya alƙali yanke hukunci a garin. Akwai mutum-mutuminta a tsakiyar gari. Matan Arewa sai a shekarun 1970 suka samu wannan dama, mahaifiyata tana da 'ya'ya shida ta fara dangwala ƙuri'a.

Tsohon gidan yarin da aka gina a 1872 shi ma gidan kallo ne yanzu. A nan aka tsare Butch Cassidy, ƙasurgumin ɗan fashin jiragen ƙasa da bankuna, daga 1894 zuwa 1896, kuma a kan satar doki aka ɗaure shi. Ɗakunan ƙanana ne ƙwarai, ƙarfe ta ko'ina. Fursunoni tsintsiya suke ɗaurawa a wata masana'anta da ke harabar, injinan na nan. Abu ɗaya bai kwanta mini ba: hoton ɓarawon nan ya cika riguna da kofuna a shagon tsaraba, amma Arapaho da Cheyenne, mutanen da ke yawo a wannan fili kafin layin dogo, ɗan abin da na ji a kansu bai taka kara ya karya ba. Da na tambaya, aka ce mini 'yan Arapaho na arewa suna zaune yau a keɓaɓɓen yankin Wind River tare da Shoshone, can tsakiyar jihar. Wanda ya amsa mini bai ɓoye komai ba, sai dai sai da na tambaya.

To, ga abin da ya kai ni. Ranar 10 ga Yuli 1890 Wyoming ta zama jiha ta 44, tun 1940 kuma Laramie ke yin biki a kan haka, wanda yanzu yakan kai mako guda, suna kiransa Jubilee Days. Akwai jerin gwano ranar Asabar: mahaya, tsofaffin taraktoci, motar kashe gobara, 'yan makaranta da ganguna, ana watsa wa yara alewa. Gaskiya in faɗa, wanda ya ga hawan Nassarawa ba zai girgiza da wannan ba. Ba algaita, ba kakaki, ba kirari, dawakin ma tsirara suke ban da sirdi. Filin wasan kaboyi ne ya ƙwace ni.

An fara da addu'a da taken ƙasa, kowa ya tuɓe malafarsa ya dafa ƙirji. Sannan aka buɗe wata ƙofar ƙarfe, doki ya faɗo fili yana tutsu irin wanda ban taɓa gani ba, ƙafafu huɗu duk a sama, baya ya lanƙwashe kamar baka. Mahayin ya riƙe igiya da hannu ɗaya, ɗayan a sama, in ya taɓa dokin ko jikinsa da shi ya faɗi gasa. Daƙiƙa takwas kacal ake so ya yi. Maki ɗari ne, rabi na mahayi, rabi na dabba, wato dokin da ya fi tsiya shi kowa ke fatan ƙuri'a ta ba shi. Mu a gida doki mai tutsu aibi ne, ana kai shi wurin mai horo. Su kiwonsa suke yi musamman, har hotonsa ne a lambar motocin jihar. Waɗanda suka fi burge ni mahaya biyu ne da ke rakuɓe a gefe. Ƙaho na busawa sai su zaburo, su jera da dokin yana cikin gudu, mahayin ya rungumo ƙugun ɗayansu ya zame ƙasa lafiya. Wannan shi ne hawa. Babu mai tafa musu sosai, ni na tafa.

Da aka zo kan bajimai na kasa zama. Wani saurayi da bai wuce 20 ba sa ya watsar da shi, ya juyo kansa da ƙaho, sai wani mutum ya faɗa tsakaninsu da gangan ya ja hankalin san. Yaron ya tashi yana ɗingishi, ya ɗaga malafa, fili ya ɗauki ihu. Hawan ƙaho na 'yan tauri da mahauta ya faɗo mini, da sharon Fulani. Jarumtar samari ko'ina kamanninta ɗaya. 'Yan mata ma sun yi tasu, sukuwa ce ta zagaye ganguna uku, doki na kwantawa a kwana har likkafa ta kusa shafar ƙasa. Igiyar da ake ɗaura wa dabbar a kwiɓi don ta ƙara harbi ita ce ban so ba, na faɗa wa na kusa da ni, ya ce tana da laushi, ba ta ciwo. Ban gamsu ba.

Na kusa da ni ɗin nan makiyayi ne, da matarsa. Hira ta yi hira, suka gayyace mu gidan gonarsu washegari. Matar ta tambayi ɗana a waya me muke ci, me ba ma ci, ta dafa mana kifi da dankali da masara, ta ce ko tukunyar ba ta taɓa ganin naman alade ba. Da la'asar ta yi, ta shimfiɗa mana tawul mai tsabta a falo, ta kashe talabijin. Mijin ya ɗaura mini sirdi a kan wani jan doki, sirdi mai nauyi da ƙaho a gaba na ɗaure igiya, muka yi kilisa har bakin shingensa. Ya nuna mini ƙarfen lalas na gidansu, alamar da kakansa ya yi wa rajista. Na ba shi hular zanna da na zo da ita. Allah ya saka musu da alheri.

Tsada kam akwai ta. Kuɗin da ke jikin kaya ba shi za ka biya ba, sai ka je wurin biya a ɗora haraji. A gidan abinci kuma tukuici dole ne, kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin, ko an kyautata maka ko ba a yi ba. A kasuwar manoma ta ranar Juma'a tumatir huɗu sun ci kuɗin da zai cika kwando a 'Yankaba, kuma ba tayi, ba gyara. Mutanen suna da fara'a, kowa zai ɗaga maka hannu, ya riƙe maka ƙofa, amma gaisuwar ba ta da jela. Ba mai tambayar iyali, ba ina gajiya. Ɗana ya shekara biyu bai san sunan maƙwabcinsa ba.

Sauran kwanakin sun wuce da sauri. Mun hau duwatsun Snowy Range, na damƙi ƙanƙara da hannuna a watan Yuli. Mun tsaya a Ames, wata dala ta dutse da ke kan hanyar birnin Cheyenne, iska ta hana mu daɗewa. Babban bikin kaboyi na Cheyenne sai ƙarshen wata, bizata da aljihuna ba su kai ba. Na yi Juma'a a ɗan masallacin garin, sahu uku, yawanci ɗalibai.

Linzamin yana rataye a zaure. Gobe in ruwa ya ɗauke zan gwada wa akawal.