Fitar da jan launi daga jan ƙarfe a tanderun tangaran

Maginan tangaran na birnin Jingdezhen da ke ƙasar Sin sun ƙware a wannan jan launi tun zamanin sarki Xuande, wanda ya yi mulki daga 1426 zuwa 1435, kuma har yanzu masu sana'ar suna ɗaukar sa a matsayin launi mafi wuyar samu. Da na fara gwada shi a tanderuna mai aiki da iskar gas, na gane cewa sarrafa wuta ya fi haɗin sinadari muhimmanci nesa ba kusa ba.

Haɗin ba shi da wahala. A cikin ruwan gilashin da ake shafa wa tukunya kafin gashi, garin jan ƙarfen da nake sakawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, sai ɗan garin kuza da ke taimaka wa launin ya kama. Shafin yana son kauri, domin jan ƙarfe kan bi iska ya gudu idan zafi ya tsananta, shi ya sa bakin kwano, inda ruwan ke tsiyayewa, yakan fito fari.

Aikin na gaske yana farawa ne idan zafi ya kusa digiri 900 a ma'aunin Salshiyas. A lokacin nake rage bakin bututun hayaƙi har wutar ta rasa isasshiyar iskar oksijin, sai ta koma tana zuƙar wadda ke cikin sinadarin, ta bar jan ƙarfen a matsayin ƙananan ƙwayoyin da ke ba da ja. Wanda ya yi jinkiri har fuskar gilashin ta narke ta rufe, to kore ko fari zai tarar, komai yawan hayaƙin da ya tayar daga baya. Wanda kuma ya cika hayaƙin, launin zai dushe ya koma kamar hanta, kuma a ganina wannan ya fi koren ɓata rai, domin ja ya zo amma ya rasa haskensa.

Daga nan nakan riƙe harshen wuta kaɗan yana leƙowa ta ramin dubawa har zafi ya kai wajen digiri 1,280, sannan in toshe kowace kafa, in bar tanderun ya huce a hankali. Ina kuma rubuta inda na ajiye kowane kwano, saboda wanda ke kusa da kafar da iska ke shiga yakan fito da gefe ɗaya ja, ɗayan kore.