Kwal ɗin ɗumama gida: kar ka tsaya a kan kuɗin buhu

Ni dai a ganina duk wanda ya zo sayen kwal ya tsaya a kan "nawa ne buhu" toh bai ma fara lissafi ba. Abin tambaya shi ne awa nawa buhun zai riƙe maka ɗumi, kuma toka nawa za ka kwashe da safe.

Cikin nau'o'in kwal uku da zan ambata, antarasait da bituminos da lignait, antarasait shi ne zaɓina, ba na ɓoyewa. Baƙi ne mai sheƙi, ga tauri, kabon ɗinsa daga kashi 86 zuwa 97 cikin 100, yana ci da ɗan shuɗin harshen wuta kusan babu hayaƙi. Matsalarsa taurin kai wajen kamawa, sai ka fara haɗa garwashin itace mai kyau sannan ka riƙa zuba shi kaɗan kaɗan, in ka yi gaggawa ka jibga masa ya kashe maka wutar gaba ɗaya, amma fa in ya kama sai ka kwanta ka tashi ka tarar da shi ja wur. Bituminos kuwa nan da nan ya kama, ya fi araha, sai dai hayaƙi da kwalta da kunkunniya da zai liƙe maka a bututu. Hayaƙin kwal ne ya taimaka wajen turnuƙe Landan a Disambar 1952 har dubban mutane suka rasu, yanzu kam Ingila ta hana sayar da kwal ɗin bituminos ga gidaje tun Mayun 2023. Lignait ba zan ɓata baki ba, danshi ya masa yawa, zafinsa kaɗan.

Kafin ka saya duba murhunka tukuna. Kwal ta ƙasa yake shan iska, dole sai da raga a ƙarƙashinsa, murhun da aka ƙera don itace zalla ba zai yi ba. Girman ƙwayar ma haka, in ta yi ƙanana ta zube ta ragar ko ta toshe iska. Shi ya sa nake cewa in ka samu sabon dila ɗauki buhu ɗaya ko biyu ka gwada kafin ka yi odar tan guda, ka lura ko yana barin dunƙulen nan mai tauri kamar narkakken gilashi a kan raga. Kuma ka ɗan girgiza buhun, wani rabinsa gari ne da ruwa, kai kuma kilo ka biya.

Ajiya ba wuya. Antarasait ba ya ruɓewa, ko ya shekara lafiya lau, shi ya sa sayensa lokacin zafi ya fi, galibi farashi ya ɗan sauka. Ɗora shi kan siminti ko katako, a rufe sama, saboda jiƙaƙƙen kwal in ya ƙone farar wutar (wato sinadarin sulfa) da ke cikinsa tana haɗuwa da tururi ta zama asid mai cin bututun ƙarfe. Sabo ya koma baya, a fara da tsoho.

Sai na'urar gano iskar kabon monoksaid, wannan kam dole ce, iskar ba ta da wari ba ta da launi. Toka mai zafi ma tana fitar da ita, don haka a bokitin ƙarfe za ka kwashe ka fitar waje nan take, kar ta kwana a ɗaki.