Inda kuɗin ƙananan kwalejojin Amurka ke zurarewa

Ƙaramar kwaleji mai zaman kanta a Amurka, irin mai koyar da tarihi, falsafa, adabi da kimiyya ga ɗalibai dubu ɗaya ko ƙasa da haka, da kuɗin makaranta take rayuwa. Rangwame ne ke cin ta. A takarda za ka ga, misali, dala 50,000 a shekara, amma don aji ya cika sai a yafe wa sabon ɗalibi rabi ko fiye da sunan tallafi. In an sa ran sababbi 300 sai 260 suka zo, giɓin nan zai bi kwalejin shekara 4, alhali albashin malamai da gyaran gine-gine suna nan daram.

Haihuwa kuma ta ragu tun 2008, yanzu ne abin ke isowa ƙofar kwaleji, don 'yan tsirarun da aka haifa a lokacin ne suke kai shekarun shiga.

Asusun waƙafi ba ya ceto nan take: kusan kashi 5 cikin 100 ake taɓawa a shekara, yawancinsa kuma masu bayarwa sun ɗaure shi da sharaɗi. Matsalar kuɗi ta sa kwalejin Birmingham-Southern ta rufe a 2024. Kwalejin Sweet Briar kuwa tsofaffin ɗalibanta suka cece ta daga rufewa a 2015.

Wasu na cewa a rufe sashen harsuna a buɗe na jinya. Ina tsoron wannan shawarar, don jami'ar jiha na koyar da jinya da araha.